Julius Maggi: Ɗan mai injin niƙa da sunansa ya shige tukunyar Bahaushe

A kasuwannin ƙauyukan Sarkin Yamma da ke gundumar Madarunfa a jihar Maraɗi, kamar yadda yake a Kano da Katsina da zangon Accra, duk wani sinadarin ɗanɗano da aka dunƙule aka naɗe a takarda sunansa magi. Ko Jumbo ne, ko Knorr, ko Royco, mai saye ba ya wahalar da bakinsa. Hatta garin Ajinomoto na ƙasar Japan, wanda ba shi da wata alaƙa da kamfanin, farin magi ake ce masa. Idan kuwa ainihin na kamfanin ake so, sai a ƙara bayani a ce mai tauraro.

Mutane ƙalilan ne suka san cewa wannan kalma sunan mutum ce. Julius Maggi ɗan ƙasar Switzerland ne, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, kuma ya rasu tun 1912, shekarar da jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya tsakanin Kano da Legas. A ƙasarsu ma ba magi ake furta sunan ba, majji ake cewa, domin asalinsa na Italiya ne.

An haife shi ranar 9 ga Oktoban 1846 a garin Frauenfeld. Mahaifinsa, Michael Maggi, ɗan ci-rani ne da ya taso daga Monza a arewacin Italiya, ya auri 'yar ƙasa, ya kama sana'ar niƙan alkama. Julius ya koyi harkar kasuwanci a birnin Basel, ya yi aiki a wani babban kamfanin niƙa a Budapest, sannan a 1869 ya dawo gida ya karɓi ragamar injin mahaifinsa da ke Kemptthal, kusa da birnin Winterthur. Ya faɗaɗa harkar ya samu rufin asiri. Sai dai zuwa 1880 kasuwar masu niƙa ta shiga mawuyacin hali: sababbin injuna sun shigo, hatsi mai araha yana kwararowa daga ƙetare, ƙananan masu niƙa suna ta rufe ƙofa. Dole ta sa ya fara neman wata hanyar.

Garin waken da aka ƙi saye

Hanyar ta zo ne ta hannun wani likita mai suna Fridolin Schuler, wanda gwamnati ta naɗa sufeton masana'antu. A lokacin dokar ƙasar ta 1877 ta ƙayyade aikin masana'anta zuwa awa 11 a rana, kuma hakan ma sauƙi aka ɗauke shi. Mata da yawa sun bar gida sun shiga masaƙu, ba su da lokacin tsayawa a kan murhu, nama kuma ya fi ƙarfin aljihunsu. Iyalai da dama da dankali da gahawa suke kwana suke tashi, yara suna ramewa, cututtuka suna yawa. A 1882 Schuler ya gabatar da wannan matsala a gaban wata ƙungiyar jin ƙai ta ƙasar, inda ya ba da shawarar a koma ga wake da danginsa, tunda suna gina jiki kamar nama kuma talaka zai iya saye. Cikas ɗin kawai shi ne wake yana cin lokaci da itace kafin ya nuna.

Maggi ya ɗauki wannan aiki. Ya shafe kusan shekara biyu yana gwaje-gwajen soya wake da niƙa shi, har a 1884 ya fitar da wani gari da ke dahuwa cikin 'yan mintuna, aka sa masa suna Leguminose. Ƙungiyar ta amince a yi amfani da sunanta wajen tallar kayan. Ana ba da labarin cewa tsabar son da yake yi wa garin ya sa har ya so ya raɗa wa 'yarsa suna Leguminosa.

Kaya mai kyau, mai araha, ga likita ya tsaya masa, ga ƙungiyar da jama'a ke ganin girmanta ta sa albarka. Amma ma'aikatan da aka yi domin su ba su rungume shi ba. Ɗanɗanonsa bai burge su ba, kuma babu mai son a riƙa nuna masa cewa ga abincin da ya dace da talaka. Wannan faɗuwa ita ce makarantar da Maggi ya yi karatu a cikinta. Daga nan ya karkata ga harshe da ido da zuciyar mai saye, maganar gina jiki ta koma baya.

A 1886 ya fitar da miyar gari wadda ruwa kawai ake zuba mata a tafasa, kuma a shekarar ce ya haɗa baƙin ruwan ɗanɗano da ake ɗigawa a abinci, wanda a Nijar ake kira arom. Babu nama a cikinsa, daga tsirrai aka tatso shi, amma yana ba miya ɗanɗanon romo. Matar da ba ta da kuɗin zuwa wurin mahauci ta samu abin da zai rufa mata asiri a gaban miji da baƙi. Wannan rufin asiri shi ne ainihin abin da Maggi ya riƙa sayarwa.

Kwalba da launi da marubuci

Da kansa ya zana kwalbar ruwan ɗanɗanon: mai kusurwa huɗu, mai dogon wuya, launin ƙasa-ƙasa. Fasalin ya bambanta da na kowace kwalba a kan kanta, ta yadda wanda bai iya karatu ba zai gane ta daga bakin ƙofar shago, ko ya laluba ta a duhu. Sama da shekara 130 ke nan, gyaran da aka yi mata bai taka kara ya karya ba.

Shi ne kuma ya zaɓi launuka biyu, ja da ruwan ɗorawa, ya dage a kansu a kan kwali da takarda da allon talla. Ya haɗa da wata alama mai siffar tauraro, wadda jikarta ce ake gani a yau a kan dunƙulen da ake sayarwa a Najeriya da Nijar. Da wannan ya sa mai saye ya daina tambayar mai shago abin da ya fi kyau. A da, mai shago ne ke auna gari ko gishiri daga buhu, amanar tana wuyansa. Yanzu amanar ta tashi daga kansa ta koma kan takardar naɗi.

Abin da ya fi ba mutanen zamaninsa mamaki shi ne buɗe ofishi na musamman domin talla da hulɗa da jaridu a 1886, lokacin da yawancin masu masana'antu ke ganin talla aikin 'yan damfara ne. Wanda ya ɗora a kan ofishin wani saurayi ne ɗan shekara 22 mai suna Frank Wedekind, wanda ya ɓata da mahaifinsa, aljihunsa ya bushe. Wedekind bai daɗe a kujerar ba, 'yan watanni ya yi, kuma daga baya ya zama ɗaya daga cikin fitattun marubutan wasan kwaikwayo a harshen Jamusanci. Amma a ɗan zaman da ya yi ya rubuta gajerun labarai da waƙoƙin talla masu yawa. Ba jerin sinadarai ke cikinsu ba. Mutane ne a ciki: uba da ɗa, miji da mata, masoya, gida da teburin cin abinci. A ɗaya daga cikin waɗanda aka fi tunawa, wani yaro ne ke ƙin shiga soja saboda yana tsoron ba zai samu miyar da ya saba da ita a bariki ba. Maggi yakan karanta kowane rubutu da kansa, ya yi masa maki a gefe kamar malamin makaranta, ya yaba wani ya soke wani. Takardun suna nan ajiye a ɗakin karatu na garin Aarau.

Duk wanda ya kalli tallar kayan miya a talabijin a yau, inda uwa ke zuba abinci, yara na murmushi, maigida na gyaɗa kai, ya ga jikan wannan tunani. Ba a faɗa maka abin da ke cikin dunƙulen. Ana nuna maka gidan da kake so a ce naka ne.

Ya kuma cika bangon shaguna da allunan ƙarfe masu ƙyalli waɗanda ruwa da rana ba sa kashe launinsu, ya aika wakilai suna dafawa a gaban jama'a suna ba su ɗanɗano kyauta. Kasuwa ta buɗe. A 1887 ya kafa reshe a garin Singen na Jamus, daf da kan iyaka, wanda ya girma ya zama babbar masana'anta. Sunan ya shiga bakin Jamusawa har suka laƙaba wa wani ganye da suka daɗe suna sawa a miya sunan ganyen Maggi, saboda ƙamshinsu ya yi kama, alhali babu ganyen a cikin haɗin. Ashe ba Hausawa ne suka fara mayar da sunan mutumin nan kalmar yau da kullum ba.

Ma'aikatansa ma ya nemi ya ɗaure su da irin wannan igiya. Ya gina musu gidaje da wurin cin abinci, ya kafa asusun jinya, kuma bayan wani yajin aiki da aka yi a Singen a 1907 aka kafa kwamitin ma'aikata. Kyautatawa ce ta gaske a zamanin da ba a saba da ita ba, sai dai irin ta maigida ce wanda ke son a san shi ne uba.

Birnin Paris da ranar da ƙauna ta juye

A farkon ƙarni na 20 Maggi ya mayar da zamansa Paris. A can ya shiga harkar da ta fi kowace taɓa zuciya, wato madarar jarirai. Madarar da ake sayarwa a birnin a lokacin sau da yawa gurɓatacciya ce ko an tsinka ta da ruwa, jarirai suna mutuwa da gudawa. A 1902 ya kafa kamfanin madara da ke dafa ta a kashe ƙwayoyin cuta, a gwada ta a ɗakin bincike, a rarraba ta a ɗaruruwan ƙananan shaguna masu ɗauke da sunansa. Iyaye mata suka yi tururuwa, ƙananan masu sayar da madara kuma suka ƙulle shi a zuci.

Dunƙulen da aka fi saninsa da shi a yau a ƙarshen rayuwarsa ya zo. A wajajen 1908 ya bazu a kasuwa, a Faransa da sunan Kub. Oxo na Ingila ya biyo baya a 1910, Knorr na Jamus a 1912. Tallarsa ta mamaye bangon Faransa har mai zane Pablo Picasso ya sa alamar Kub a wani zanensa na 1912.

A cikin shekarar ce Maggi ya kamu da shanyewar jiki. Aka mayar da shi Switzerland, ya rasu a garin Küsnacht ranar 19 ga Oktoban 1912, kwana goma bayan ya cika shekara 66.

Bai ga abin da ya biyo baya ba. Masu tsattsauran kishin ƙasa na ƙungiyar Action française, musamman marubuci Léon Daudet, sun daɗe suna yaɗa cewa kamfanin Maggi gidan leƙen asirin Jamus ne. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a farkon Agustan 1914, gungun mutane suka far wa shagunan madarar a Paris suka farfasa. Jita-jita ta cika gari cewa madarar da guba, cewa allunan Kub da ke gefen hanyoyi alamu ne da aka kafa domin nuna wa sojojin Jamus hanya, har hukumomi suka ba da umarnin a ciccire su. Wasu ma sun rantse cewa an kama Maggi yana ƙoƙarin tserewa da maƙudan kuɗi, mutumin da ya kusa shekara biyu a kabari. Allunan da suka sa kowa ya san sunan su ne suka sa kowa ya san inda zai kai jifa.

Kamfanin ya farfaɗo, amma ya sake ɓata sunansa da hannunsa a zamanin Hitler, lokacin da masana'antar Singen ta yi aiki da mutanen da aka tilasta wa bauta. Bayan yaƙi, a 1947, ya haɗe da Nestlé, wanda ke riƙe da sunan har yau.

Yadda ya iso tukunyar tuwo

Ta hannun kamfanonin Turawa na zamanin mulkin mallaka kayan Maggi suka fara shigowa Afirka ta Yamma, amma bayan samun 'yancin kai ne dunƙulen ya zama na kowa. Nestlé ya fara harka a Najeriya a 1961, daga baya ya gina masana'anta a Agbara da ke jihar Ogun, yana kuma da wasu a Abidjan da Dakar. Kamfanin da kansa ya ce yana sayar da dunƙule sama da miliyan 100 a kowace rana a yankin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya.

Dabarun ba su sauya sosai daga na Kemptthal ba. Ana sayar da shi ɗai-ɗai, don haka matar da cefanenta bai wuce na yini ɗaya ba za ta iya saye. Ana yi wa teburan mata 'yan kasuwa fenti ja da ruwan ɗorawa, a ba su lema da riga, a ƙasashen renon Faransa har suna aka ba su, Mami Maggi. Ana ɗaukar nauyin shirye-shiryen girki a talabijin, musamman a watan azumi, lokacin da hankalin kowane gida ke kan abin buɗa-baki. Ana kuma sauya haɗin daga ƙasa zuwa ƙasa domin ya dace da harshen mutanenta. Shi ya sa ɗan Maraɗi da ke ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Saudiyya zai ga Maggi a kanti, amma ya fi son wanda aka ƙullo masa daga gida tare da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji. Abin da yake nema a ciki miyar mahaifiyarsa ce.

A nan ne labarin ya zo da abin dubawa. Kafin dunƙulen ya iso, miyar kuka a Sarkin Yamma da Safo da Jiratawa ba lami ake shan ta ba. Akwai daddawa, wadda mata ke yi da kalwa, wato 'ya'yan ɗorawa, akwai kuma daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa. Aiki ne mai cin rai: a dafa kalwa na tsawon sa'o'i, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa yadda ake so, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Sana'a ce da ta riƙe tsofaffi da zawarawa da yawa, kuma ita ma tana da nata salon riƙe abokin ciniki, domin mai saye ya san daddawar gidan wance, ba ya sayen ta kowa.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na daddawa sinadarin gina jiki ne. Wato abin da likita Schuler ya roƙi Maggi ya samar wa talakawan Switzerland a 1882, abinci mai araha daga dangin wake da zai tsaya a madadin nama, matan ƙasar Hausa sun riga sun mallake shi tun kaka da kakanni. Dunƙulen da ya zo yana gogayya da ita kuwa, kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, sauran kuma sinadarin ƙara ɗanɗano da sitaci da mai da kayan ƙamshi. Ko launin takardar da aka naɗe shi, Bahaushe bai samo masa suna a ko'ina ba sai a jikin bishiyar da ke haifar da kishiyarsa.

Ba a ce daddawa ta mutu ba. Gidaje da yawa suna haɗa biyun a tukunya ɗaya, kuma a kasuwar Maraɗi har gobe ana sayar da ita. Amma a wurin 'yan mata da yawa na birni, warinta ya zama abin kunya, alamar ƙauyanci, dunƙule kuma alamar wayewa da tsafta. Wannan ra'ayi ba daga sama ya faɗo ba, shekaru aka yi ana gina shi da hoto da waƙa, ita kuwa mai daddawa ba ta da allon talla ko ɗaya.

Sai maganar lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ga shi hawan jini yana ƙaruwa a biranen yankin, kuma mai girki kan jefa dunƙule uku ko huɗu sannan ta ƙara gishiri a kai. A ɗaya gefen, gishirin da ke cikinsa mai sinadarin aidin ne da ke kare maƙoƙo, kuma tun 2012 Nestlé ya fara ƙara masa sinadarin ƙarfe a Najeriya domin yaƙi da ƙarancin jini, matsalar da ta addabi mata da yara a Sahel. Masana abinci suna kallonsa a matsayin hanya mafi sauƙi ta isar da irin waɗannan sinadarai ga gidan da likita ba ya zuwa, daidai lokacin da likitocin zuciya ke roƙon a rage shi.

Ƙarfin igiyar da Julius Maggi ya fara murɗawa ya fito fili a Indiya, inda sunan ya fi shahara a kan taliya. A watan Yunin 2015 hukumar kula da abinci ta ƙasar ta haramta taliyar Maggi bisa zargin tana ɗauke da dalma fiye da ƙima, aka kwashe tan dubbai daga shaguna aka ƙona. Wata babbar kotu a Mumbai ta soke haramcin a watan Agusta tare da umarnin a sake gwaji. A tsawon watannin da babu kayan a kasuwa, kamfanin ya riƙa sakin gajerun bidiyo na samari da ke kewar taliyar da suka taso da ita a ɗakunan kwanan makaranta. Da ta dawo a watan Nuwamba, rukunin farko da aka sa a wani kantin intanet ya ƙare cikin 'yan mintuna.

Ita kuwa masana'antar Kemptthal, inda aka fara soya waken, tun 2002 Nestlé ya sayar da ita ga kamfanin Givaudan mai haɗa ƙamshi da ɗanɗano. Gine-ginenta na bulo suna nan a gefen layin dogo tsakanin Zurich da Winterthur, an mayar da yawancinsu ofisoshi da wuraren taro.